Ranar da Tungar Mai Kwalba Ta Ɓata a Cikin Kwamfuta

Samarin da ke zama a shagon cajin waya na ƙanena suna cewa nemo abu a kwamfuta ba sana'a ba ce. Wai ka rubuta suna, ka danna, ya fito. Ni na yi shekara goma sha huɗu ina cin abinci da wannan dannawar, kuma na ga ranar da aka rubuta sunan gari guda, mai mutane da awaki da masallaci, kwamfuta ta ce babu shi. Za ni faɗa muku yadda aikin yake. Wanda ya gaji ya tashi.

Sunana Nomau. Ban yi boko ba. Kabu-kabu nake yi tsakanin Sabon Birni da Isa lokacin da Malam Lawali ya tare ni a tasha da kwali biyu. Ɗaya akwatin kwamfuta ne, ɗaya gilashinta, irin mai ƙatuwar ƙeya, nauyinsa ya kai na tunkiya. Malam Lawali mai rubuta manhaja ne, wato shi ke tsara wa kwamfuta aikin da za ta yi wa mai shago ko ofis. Na ɗaure akwatin da roba a bayan babur, na sa shi ya rungumi gilashin, muka kai Isa ba abin da ya fashe. Daga ranar ni ke ɗaukarsa. Daga ɗauka na koma tayar masa da janareta. Wata rana ya ja mini kujera.

"Zauna, Nomau. Nemo mani maganin tari cikin wanga abu."

"Malam, ban iya karatu ba."

"Shi ya sa. In kai ka gane shi, kowa na gane shi."

Na ɗauka zagi ne. Ashe ɗaukar aiki ce.

Aikin nan na wani mai kemis ne a Sabon Birni. Malam ya jera masa magunguna a tsarin da suke kira bishiya. Bishiyar tasu a kife take, saiwa a sama, rassa suna sauka ƙasa. A sama shago. Ƙarƙashin shago kantoci, ƙarƙashin kowace kanta irin ciwo, ƙarƙashin ciwo magani. Gefen kowane reshe akwai ɗan gicciye. Ka danna shi da maus reshen ya buɗe, ka sake dannawa ya rufe. Wata uku na yi ina buɗewa ina rufewa. Haruffa na koye su kamar yadda ake gane shanu, wannan mai ƙaho, wancan mai wutsiya. Hannuna da birki ya saba, don haka sai da na kashe maus biyu kafin na gane ba matse shi ake yi ba.

Aikina shi ne in ɓata abin da Malam ya gina kafin mai shi ya ɓata shi. Ya yi sati yana rubutu, ya ce ya gama, ni kuma in zauna in danna duk inda mai hankali ba zai danna ba. In abin ya sandare in kira shi. Bai taɓa yi mini godiya a ranar ba. Sai washegari. Kayan aikina ba su da yawa: maus, tsumman goge ƙwallon da ke cikinsa, da dutse guda na danne takarda saboda fanka.

Akwai wani Alhaji mai kai wake Nijar. Sito uku gare shi, kuma kowane sito yana da ɗakin da ake kira ɗakin baya. Malam ya yi masa akwatin nema a saman bishiya, inda za ka rubuta suna manhaja ta kai ka wurin. Ranar lodin sabon wake, yaransa suka rubuta ɗakin baya. Ta kai su na farkon da ta tarar, ta haskaka shi, ta tsaya, kamar ɗan aiken da ya sami mai sunan ya miƙa saƙo bai tambayi ɗan gidan wa ne ba. Aka loda waken bara mai ƙwaro maimakon sabo. Sai da mota ta kai wurin mai saye aka farke buhu. Alhaji ya zo ofis da wake a hula, ya zazzage shi a kan kibod, ya ce Malam ya tambayi kwamfutar ko ita za ta ci. Daga nan Malam ya gyara. In ka nemi abu, sai ta jero duk masu sunan, kowanne da ubansa da kakansa: sito kaza, ɗaki kaza. Suna shi kaɗai ba ya nemo komai. Wannan shi ne karatu na farko.

Na biyu a wata makaranta na koye shi. Haskakawa daban, zaɓe daban. In layi ya yi shuɗi, kallonsa kawai kake yi. Zaɓe sai ka sa maki a ɗan akwatin da ke gefensa. Kuma in ka sa wa uba maki, duk abin da ke ƙarƙashinsa ya samu, ko ka buɗe reshen ko ba ka buɗe ba. Hedimasta yana son katin ɗaliba ɗaya, ya sa maki a kan sunan makaranta don a ganinsa daga sama ake fara girmamawa. Firinta ta kama aiki. Ya yi mata tsawa, ya dafe ta da hannu biyu, ya karanto mata addu'a. Ni na je waje na kashe janareta.

To, shekarar da aka yi fari. Ruwa ya sauka sau ɗaya, aka yi shuka, gero ya fito tsawon yatsa, sama ta ɗauke. Shuka ta ƙone a tsaye. Masu sauran iri suka sake zubawa a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa, gara da tsuntsaye suka cinye. Abin da ya rage a rumbu aka daka aka sha. Da hadari ya fara dawowa, mutane suna da gona, suna da sungumi, ba su da abin sa wa a rami.

Wata ƙungiya ta kawo irin gero mai saurin nuna. Tun da rani ta aika malamai sun rubuta gidaje, aka ba Malam Lawali ya yi bishiya. A sama rassa biyu, Isa da Sabon Birni. Ƙarƙashinsu gundumomi, sannan garuruwa, sannan unguwanni, sannan gidaje. Mai gari ya zo, a nemo garinsa, a sa maki, firinta ta fitar da takarda, ya kai sito a ba shi buhunansa. Mun gama rabon Sabon Birni a sati guda. Muka kwaso kwamfuta zuwa Isa. Ranar Litinin aka yi ruwa mai kyau. Duk manomi ya san lissafin: a jigawa laima kwana uku take yi, in ba ka sa iri ba sai ka jira wani ruwan, kuma a shekarar nan ba wanda zai rantse akwai wani.

Talata da hantsi layi ya kai bakin titi. Mutanen Kamarawa sun karɓa sun tafi. Sai wani tsoho ya shigo da sanda, ƙafafunsa fari fat. Sunansa Arzika, shi ne babba a Tungar Mai Kwalba, wata 'yar tunga mai gida goma sha wani abu a bayan Tozai. Tun asuba yake tafe a ƙasa. Malam ya rubuta sunan a akwatin nema. Babu. Ya rubuta rabinsa. Babu. Ya rubuta sunan Arzika, aka samu Arzika bakwai, ba nasa a ciki.

Hajiya Balki ce shugabar rabon, daga Sakkwato ta zo. Ta leƙa gilashin ta ce, "Baba, kwamfuta ta ce babu garinku."

Arzika ya dubi gilashin, ya dube ta. "To ni ina nik kwana jiya?"

"Ko an rubuta ku da wani suna?"

"Suna guda gare mu, ɗiyata. Ba mu da halin biyu."

"Wanda ba shi cikin jeri ba ni iya ba shi ko tiya. Buhunnan duk da masu su, ga su nan waje."

"To a hwaɗa mata ta sake dubawa. Wajen wata kuka muke, ga rijiya gabas."

Mutanen layi suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya jingina sandarsa da teburin, ya zauna a ƙasa, alamar ba inda za shi.

Malam ya ce malaman rubutu ne suka tsallake tungar. Na ce a'a. Ni na kai malamin a bayan babur, mai jar hula, a can sarƙata ta zame, aka ba mu fura muna gyara. Da idona na ga yana rubutu. Malam ya ce akwatin nemansa ba ya ƙarya. Na ce ya ba ni maus.

Na bar akwatin nema na bi da ƙafa. Isa, Tozai, gari bayan gari, unguwa bayan unguwa, ina buɗewa ina rufewa. Babu. Na duba gundumomin da ke maƙwabtaka. Babu. Layi ya fara guna-guni, wani ya ce a fitar da tsohon da garinsa na aljanu. Sai na tuna yadda malamin nan yake tambaya. Ba ya cewa ina garin nan yake, don yana tsaye a cikinsa. Cewa yake yi, wane ne mai garinku.

Na juya na ce, "Baba, wa kuka bi?"

"Magajin Kukar Bawa mana. Wa za mu bi?"

"Kukar Bawa ta ƙasar Sabon Birni?"

"Akwai wata?"

Tsakanin tungar da Kukar Bawa tafiyar yini ce a ƙasa, da gulbi a tsakiya. Na hau sama na buɗe reshen Sabon Birni, na sauka gunduma, na sauka Kukar Bawa, na buɗe unguwanninta. Ga Tungar Mai Kwalba can ƙasa, a zaune tsakanin unguwar maƙera da unguwar mahauta, kamar katanga ɗaya ta raba su.

Malam ya cire tabarau ya goge. Shi ya gane dalili kafin ni. Kwamfutar tsohuwa ce, jerin kuma yana da yawa, in ta ɗauko shi duka sai ta sandare. Don haka ya tsara ta kada ta ɗauko 'ya'yan reshe sai an buɗe shi. Akwatin nema kuwa cikin abin da aka ɗauko kawai yake yawo. Da safen nan rassan Isa kaɗai aka buɗe. Ƙasar Sabon Birni gaba ɗaya tana rufe, bai ko leƙa ba, ya dawo ya ce babu.

"Ba shi ƙarya, Malam," na ce. "Ƙyuya gare shi."

Rabin laifin nawa ne. Ni ne mai gwaji, kuma hannuna ya saba da buɗe komai kafin in nemi komai. Duk gwajin da na yi, bishiya a buɗe take. Ban taɓa nema da rassa a rufe ba.

Arzika ya miƙe ya kawo fuskarsa kusa da gilashi. "Mu na nan?"

"Ku na nan, Baba."

"To a ba ni takarda."

A nan ne na ga ɗan akwatin da ke gefen sunan. Da maki a ciki, kore. An karɓa. Ranar rabon Sabon Birni Magajin Kukar Bawa ya zo, aka sa wa garinsa maki daga sama, duk abin da ke ƙasa ya samu, har tungar. Ni na danna. Irin Arzika ya bar sito kwana shida da suka wuce, a kan amalanken wani.

Hajiya ta ce ba ta bayarwa sau biyu, kuma gaskiyarta. Duk buhun da ta ba Arzika daga hannun wani na layi za ta fizge shi.

Arzika ya ɗauki sandarsa. "Shi ke nan. Magaji ya cinye."

"Ka san haka, Baba?"

"Shekara biyu ban je mashi gaisuwa ba. Ni ma in ni na, cinyewa za ni yi."

Na ce da Malam ya riƙe maus ɗinsa. Na fito da babur, na ɗora tsohon a baya. Bai taɓa hawa ba sai sau ɗaya, kuma bai ji daɗi ba. Ya riƙe sandar a gicciye, duk wanda muka wuce sai ya sunkuya. A gulbi ruwan Litinin ya kai gwiwa. Na tura babur, shi kuma yana gaba yana gaya mini inda rami yake bayan na faɗa.

Da la'asar muka isa Kukar Bawa. Magaji yana zaure, dattijo ne siriri, a zaune kan wani tudu da aka lulluɓe da tabarma. Arzika ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe."

"Wa nika gani haka? Kamar na san huskar."

"Arzika na, na Tunga."

"Ashe akwai sauran mutane Tunga. Na aza kun koma Makka."

Sai gaisuwa. Magaji ya tambayi gidajen tungar ɗaya bayan ɗaya, da suna. Ya tambayi matan, ya tambayi wanda ya karye a rijiya, ya tambayi mutum biyu da suka rasu, aka tsaya aka yi musu addu'a. Ya tambayi wata jaka mai ɗingishi. Ni ina kallon inuwa tana tsawo a ƙofar zaure. Da ya dawo kan gida na farko zai sake zagaye, na ce, "Ranka shi daɗe, laima na tahiya."

Ya dube ni. "Wanga fa?"

"Ɗan kwamfuta na," in ji Arzika.

"Na gane shi. Shi yab ba ni takarda. Bai tambaye ni buhun wa da wa na ciki ba."

 

Arzika ya sunkuyar da kai. "Ranka shi daɗe, irinmu munka biyo."

"Na sani. Mi zai kawo ka in ba shi ba?"

"Da ka aiko muna."

"Ni in aika Tunga? Ku da kunka hi ƙarhin gaisuwa?"

"Ba ƙarhi na ba. Bara ko dami guda ban ɗaure ba. Bana ka ga yadda take. Da mi za ni shigo zaurenka?"

 Magaji ya sosa gemu. "Wa yac ce maka dami nika jira? Ka zo da sandarka, in gan ka, in san kana da rai. Shi ke nan."

Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, ya yaye tabarmar. Tudun da yake zaune a kai buhuna ne, biyar, da ɗinkinsu na sito, ko zare ba a ja ba.

"Kwana shida ina bisa," ya ce. "Mutanena sun zo sun ce a raba, tunda masu shi ba su zo ba. In za ni masallaci sai in zaunar da ƙanena. Bayana ya mutu, Arzika. Ku kwashe kayanku in samu in zauna ƙasa kamar mutane."

Ya ba da amalankensa da shanu biyu da mai kora. A can muka kwana. Da sallar asuba muka kama hanya, ni a gaba da tsoho, amalanke a baya. A gulbi muka sauke buhunan muka haye da su a ka, ɗaya ɗaya. Rana ta take sosai kafin mu hango kukar tungar.

Arzika bai shiga gari ba. A gonar farko ya ce in tsaya. Ya sauka ya durƙusa ya tona da hannu. Saman ƙasa ya bushe, yana zuba ta tsakanin yatsu. Ya ci gaba har wuyan hannu, ya ɗebo, ya dunƙule. Ta kama. Ya buɗe hannu, dunƙulen bai watse ba.

"Da saura," ya ce. "A zurfafa sara."

Ba a kai buhunan gida ba. A bakin gona aka farke su, aka raba da ƙwarya. Maza suna sara, mata da yara suna bi suna zubawa suna takewa. Ni ma aka miƙo mini sungumi, ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Har rana ta faɗi muna yi, washegari aka ƙarasa. Kwana biyar bayan haka aka sake ruwa.

Malam Lawali ya yi sati biyu yana gyara. Ya sa akwatin nema ya daina yawo cikin abin da ke buɗe, ya riƙa zuwa can inda aka ajiye jerin gaba ɗaya, in ya samu ya buɗe rassan da kansa har ya kai ka. Ya sa kuma in ka sa wa uba maki ta fara nuna maka duk waɗanda za su bi shi, ka gani da idonka, sannan ta yarda. Ni kuma tun daga nan gwaji biyu nake yi wa kowace bishiya, ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe. Da muka bi jerin a hankali muka sami wasu tungaye uku masu irin wannan zama, jiki a nan, kai a can. Wannan shi ne abin da ba a koya a waya. Mai rubuta manhaja yana jera mutane yadda taswira ta nuna. Su kuwa suna jera kansu yadda suka ga dama, kuma ba sa aiko da sanarwa.

Wajen wata biyu bayan haka Arzika ya shigo Isa cin kasuwa, ya biyo ta ofis. Ya ce gero ya fitar da kai, ba mai yawa ba ne, amma za a ɗaure dami. Malam ya ba shi kujera, ya buɗe bishiyar ya nuna masa.

"Baba, ga ku nan ƙarƙashin Kukar Bawa. Za ni ɗauke ku in maishe ku ƙarƙashin Tozai, inda kuke zaune. Ja guda na da maus. Gobe in an kawo wani abu, nan kusa za ku amsa."

Arzika ya ɗora sandarsa a kan hannun Malam.

"Kak ka taɓa."

"Don mi, Baba?"

"Kakanmu cin rani yaz zo nan. Bai yi ma kowa sallama ba can. In ka ja mu, ka ce ya ƙaura ke nan."

"Cin rani? Shekara nawa yanzu?"

"Ni dai nan anka haihe ni, kuma haƙorana sun zube."

"To ai kun zauna."

"Ba mu yanke shawara ba tukuna," in ji Arzika. Bai ɗauke sandar ba sai da Malam ya saki maus.